Bindigar Lala Arsala a Gaban Jirga

Zarghun Kalai,
9 ga Maris, 1986.

Zuwa ga uwar Wajma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Wajma da mijinta da ɗan jikan da Allah ya ba mu. Yaya jikin mai jego? Yaya ƙafar taki, zafin Karachi bai ƙara kumbura ta ba? Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Za ki yi mamakin ganin sunan ƙauyenku a saman takarda maimakon Darra. Yau kwana uku da na rufe maƙera na taho. Na san Wajma ce za ta karanta miki. Wajma, ki zaunar da mahaifiyarki tukuna, ki karanta a hankali.

Yayanki Lala Arsala yana nan lafiya, da ɗansa Zalmai da yaran duka. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta, amma akwai abin da ya faru. Kerkeci ya addabi garin nan, cikin mako guda ya ɗauke tumaki huɗu, biyu na Lala. Ranar Talata da sassafe Lala ya ɗauki bindiga ya hau tudun bayan masallaci. Ya ce ya hango kerkecin cikin garke can gangare, ya saita, ya harba. Harsashin ya sami Kushdil, ƙanin Toryalai, a kwiɓi. Ashe yana durƙushe ne kan wata tunkiya da haihuwa ta zo mata da gardama. Lala ne ya fara isa gare shi, ya ɗaure raunin da rawaninsa, ya yi ta ƙwala kira har mutane suka zo da gado. Yanzu yana asibiti a Kohat. An yi masa aiki, saura addu'a.

Kin fi ni sanin abin da ke tsakanin gidanku da gidansu Toryalai kan rabon ruwan kwari tun mahaifinku na da rai. Kin kuma tuna shekara biyar baya Lala da Kushdil sun cacumi juna a bakin magudana a gaban jama'a. To, abin da ake faɗa ke nan a kowane zaure. Suna cewa mutumin da ke fasa ƙwai daga taku ɗari biyu a bikin aure, ta yaya zai nufi kerkeci ya sami mutum? Shi kuwa Lala ya rantse kerkecin na dama da Kushdil da taku uku, bindigar ce ta tsufa, ta daɗe tana jan harsashi hagu.

Jirga, majalisar dattawan gari, ta zauna. Shugabanta Haji Nurgul ya aza dutsen sulhu tsakanin gidajen biyu, ba mai taɓa wani har kwana ashirin. Dattawa suka ce a nemo maƙerin da zai binciki bindigar ya faɗi ko za ta iya yin abin da Lala ya ce. Kin san wanda ya kama sunana? Toryalai da kansa. An ce mini ya miƙe ya ce, "A kira Mirajan, mijin ƙanwar Arsala. Shekara talatin yana gyara mana bindigogi, ban taɓa jin ya sayar da ruɓaɓɓiya a sunan lafiyayya ba. In shi ya ce bindiga ba ta da laifi, sai in ga mai cewa ƙiyayya ce."

Wayonsa ya yi, uwar Wajma. Ya ɗaure ni da sunana. In na ce bindiga ce, an kashe wuta. In na ce ba ita ba ce, da bakina na miƙa masa yayanki. Ban taɓa roƙon Allah ya sa in sami ƙarfe da aibu ba sai wannan karon.

Kada ki taso. Wajma na bukatarki, kuma ba abin da zuwanki zai gyara yanzu. Ki yi wa Kushdil addu'a kafin ki yi wa kowa.

Ki gaida Wajma da mijinta, ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki,
Mirajan.


Zarghun Kalai,
16 ga Maris, 1986.

Zuwa ga uwar Wajma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta mai jego da ta yaron. Da fatan cibiya ta warke. Mu nan muna cikin ikon Allah.

Kushdil ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar uwa da mata da 'ya'ya uku. Na je jana'iza, ni kaɗai daga ɓangarenmu, da izinin Haji Nurgul. Ba wanda ya ce mini kanzil, ba kuma wanda ya matsa mini wuri a sahu sai da liman ya yi magana.

Bari in gaya miki aikin da na yi, ko da ba ki damu da zancen ƙarfe ba, don ki san ban yi wa yayanki kasala ba.

Bindigar kin san ta, mai cin harsashi goma sha ɗayan nan ta sojan Ingila da ke rataye a zauren mahaifinku tun kina yarinya. An buga 1917 a jikinta. Tana hannun Haji. Kullum da safe ya miƙo mini ita a gaban Toryalai, da la'asar ya karɓe abarsa. Da farko ban taɓa ko noti ɗaya ba, domin yadda take ranar Talata ake so a gani. Na auna daga inda Lala ya tsaya zuwa inda Kushdil ya faɗi, taku ɗari da arba'in. Na kafa tsohon ƙyaure a wurin, na shafe shi da farar ƙasa, na zana baƙin da'ira a tsakiya da gawayi. Na danne bindigar kan buhunan yashi yadda hannuna ba zai sa baki ba. Na ɗebi harsasai daga ɗamarar Lala, tsofaffi ne, kwansonsu har ya yi kore. Na harba goma. Biyu sun yi nawa kafin su tashi, amma duka goman sun shiga ƙyauren. Faranti ɗaya zai rufe hujojin. Sun ja hagu da taƙi ɗaya da rabi, sun ɗan yi ƙasa. Hujojin zagayayyu ne tas, wato harsashin ba ya tuntsurawa a hanya.

Na ce wa kaina, ai harbin Lala na farko ne, bututu da sanyi, katako ya sha raɓa. Sai na roƙi Haji a bar ta a waje, na riƙa zuwa bayan sallar asuba ina harbi ɗaya tak. Safiya uku na yi haka. Inda na jiya ya faɗa, nan na yau ya faɗa.

Daga nan na kwance ta. Na sami aibu uku. Babban notin da ke riƙe ƙarfe da katako ya saki, don katakon ya bushe ya tsuke. Bututun yana jingine da katako ta gefe guda, na zura takarda a ƙarƙashinsa ta maƙale. Bakin bindigar kuma igiyar goge ciki ta cinye shi ta ɓangare ɗaya, shekara da shekaru ana janta a karkace. Na sa kan harsashi a bakin, ya nutse fiye da yadda ya kamata. Na zuba tafasasshen ruwa na wanke cikin, na ɗaga ta ga hasken rana. Zanen da ke murɗa harsashi ya sha jiki, amma yana nan. Gaskiyar Lala, tana jan hagu. Sai dai taƙi ɗaya da rabi ba taku uku ba ne.

Duk wannan aikin Toryalai na zaune kan dutse, lulluɓe da bargo, ba ya ɗauke ido daga hannuna. Jiya ya ce mini, "Mirajan, ba ka gaji da nema wa surukinka ƙofa ba?" Na ce, "Ban gaji ba. In akwai ta zan gano ta, in babu ba zan ƙera ta ba." Can sai ya zuba koren shayi ya turo mini kofin da bayan hannu. Idanunsa jawur suke, kamar wanda bai rintsa ba tun ranar Alhamis.

Zan gaya miki abin da ba zan gaya wa kowa ba. Zan iya tsayawa gaban jirga in ce tsohon harsashi ba shi da tabbas, ɗaya cikin ɗari yakan tafi inda ya ga dama. Ba mai iya ƙaryata ni, don ba mai sanin abin kamar ni a kwarin nan. Maganar ta zo har bakina sau da yawa. Amma cikin kwanakin nan jimilla sittin na harba, ko ɗaya bai fita daga ƙyauren ba. Kuma na ga 'ya'yan Kushdil a maƙabarta.

Har yanzu zuciyata ba ta yarda Lala ya yi da gangan ba. Na san shi shekara talatin da huɗu. Mai faɗa ne, mai taurin kai, amma ba zai laɓe a tudu ya harbi mai karɓar haihuwar tunkiya ba. Akwai abin da ban gano ba tukuna.

Ki ci gaba da addu'a. A gaida mutanen gida.

Naki,
Mirajan.


Zarghun Kalai,
19 ga Maris, 1986.

Zuwa ga uwar Wajma,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da yara. Ban jira amsarki ba, domin abin da ke cikina ba zai jira ba.

Shekaranjiya zan mayar da bindigar, sai na ce bari in wanke ƙarfen saiti, tunda shi kaɗai ya rage ban duba ba. Na goge na baya da kananzir. Baƙin ya fita, sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli. Wani ya sa magagari ya faɗaɗa tsagar da ake leƙawa, aikin hannun da ba na maƙeri ba, sannan ya turara ta da hayaƙin fitila don kada a lura. Na duba ɗan ƙarfen gaba, na ga ragowar farin fenti a kansa. Na zauna riƙe da ita na daɗe. Mutum ba ya yi wa bindigarsa haka sai in ya daina ganin saitin.

Toryalai ya ce, "Me ka gani?" Na ce, "Sai ranar jirga."

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Tun zuwana Lala ba ya gaida mai shigowa zaure sai mutum ya yi magana. A masallaci ya bar buɗe Alƙur'ani, wai ya fi son karantawa da ka. Rawaninsa kullum a sauke yake har gira.

Bayan azahar na same shi a gonar tuffa, zaune a gindin katanga. Na tsaya nesa da shi kamar taku talatin, ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Ya ɗago ya dube ni sosai, ido cikin ido. Sai ya ce, "Zalmai, ka shayar da alfadarin?"

Uwar Wajma, bai gane ni ba, ya zaci ɗansa ne.

Na matsa na zauna, na ce, "Ni ne, Lala. Tun yaushe?" Ya ce shekara uku. Da fari kamar hayaƙi a idon dama, yanzu na hagun ma ya fara. Ko Zalmai bai sani ba. Na ce, "To kerkecin fa?" Ya ce, "Abu na gani toka-toka, a durƙushe cikin tumaki, yana motsi kamar mai yagar nama. Shi na saita. Bindigar ba ta ci amanata ba, inda na aike ta nan ta je." Bargon Kushdil toka-toka ne. Ya ce da ya isa ya ga mutum ne, sai ya gaya wa kansa lallai kerkecin na gefe ya gudu, ya yi ta faɗa har ya kusa yarda.

Ya kama hannuna ya ce kada in faɗa. Ya ce, "Gara a ce Arsala ya kashe abokin gabarsa, da a ce makaho ne ya harbe maƙwabci a zaton dabba. In Toryalai ya kashe ni, a binne ni ina namiji." Na ce, "Toryalai ba kai zai nema ba, Lala. Tsoho ba zai rama masa ƙani ba. Zalmai zai nema, bayan shi kuma 'ya'yan Zalmai su girma su nemi 'ya'yan Kushdil." Ya saki hannuna kamar ya taɓa wuta. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, maƙerin banza. Ƙanwata na ba ka, ban ba ka asirina ba." Na ce masa abin da ƙarfe ya nuna mini zan faɗa, ba ragi ba ƙari, amma na fi so jama'a su ji daga bakinsa. Tun ranar bai ce mini uffan ba. A zaure guda muke cin gurasa, yana juya mini baya.

Ni ma ina da nawa kason a cikin jinin nan. Kakar shekara biyu da suka wuce ya zo Darra da bindigar, ya ce ta fara kuskure. Kina ciki kina dafa masa nama. Na leƙa bututun, na ɗaure noti, na ce, "Tsufa ne, Lala, ku biyun duka." Ya yi dariya, na yi dariya, na raka shi mota. Na duba cikin bindiga ban dubi fuskar mai ita ba. Da na kai shi bayan gari na ce ya harba a gabana sau uku, da na gane.

Ki yafe mini abin da zan yi ranar Lahadi a gaban jirga. Ban ga wata hanyar da za ta bar Zalmai da rai ba.

Ina gaida kowa.

Mijinki,
Mirajan.


Zarghun Kalai,
25 ga Maris, 1986.

Zuwa ga uwar Wajma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, da Wajma da jaririn da mahaifinsa. Takardarki ta iso jiya. Na ga inda tawada ta jiƙe, na san ba ruwa ba ne. Ki share hawayenki, ba a ƙara zubar da jini ba.

An zauna ranar Lahadi da hantsi a filin masallaci, garin kaf ya fito. Na faɗi aibu ukun, na nuna ƙyauren da hujojinsa. Haji Nurgul ya ce, "Mirajan, tsakaninka da Allah, bindigar nan za ta iya kauce wa saiti da taku uku?" Na ce, "Ba za ta iya ba." Wuri ya ɗauki guna-guni. 'Yan uwan Toryalai biyu suka miƙe. Na ga Zalmai ya sunkuyar da kai. Na ɗaga ƙarfen saitin zan ci gaba, sai na ji muryar Lala a bayana.

Ya ce, "Zauna, Mirajan. Ragowar tawa ce."

Ya miƙe, ya ture rawaninsa baya. Ya ce, "Toryalai, na ji tarinka ta wannan gefen, amma wallahi ban san wanne ne kai cikin mutanen nan ba." Ya faɗi komai, da hayaƙin ido, da tsagar da ya faɗaɗa da hannunsa, da ƙaryar taku uku. Wani ya ce dabara ce. Haji ya juyar da fuskar Lala ga rana, ya buɗe masa ido da yatsa, dattawa uku suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Yanar ido ta rufe na dama fari fat. Aka zagaya da ƙarfen saitin hannu zuwa hannu. Toryalai ya fi kowa daɗewa riƙe da shi.

Da ya yi magana, a hankali ya yi ta. Ya ce, "Na yarda ba ƙanena ka nufa ba. Amma ka san ba ka gani, ka ɗauki bindiga. Da ka ce wa ɗanka zo ka duba mini, da Kushdil na gida yanzu yana cin gurasa da 'ya'yansa. Girman kanka ne ya kashe shi." Lala ya ce, "Haka ne."

Jirga ta yanke cewa ba ramuwar jini. Lala zai je ƙofar gidan Kushdil da rago da Alƙur'ani, kai ba rawani, ya nemi gafara. Ruwan da ake ta rigima a kai ya koma gonar marayu har abada. Bindiga kuma a lalata ta. Ni aka ba zarto. Na yanka ta gida uku a gaban kowa, ta ba ni wahala, ƙarfen kirki ne. Lala na zaune yana sauraron ƙarar har na gama.

Jiya muka je, da dattawa da matan gidanku. Aka bar mu tsaye a rana lokaci mai tsawo, ƙofa a rufe. Daga baya mahaifiyar Kushdil ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya gaban Lala tana kallon sa, shi kuma ba ya ganin ta. Ta ce, "Na yafe don Allah, ba don kai ba. Mayar da rawaninka, tsoho, rana na dukan ka." Toryalai ya karɓi igiyar ragon ya yanka, aka dafa, muka ci. Bai ba Lala hannu ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Da muka taso, Lala ya wuce gaba shi kaɗai yadda ya saba, ta hanyar bakin rafi mai duwatsun nan. Ya yi tafiya kaɗan, sai ya tsaya. Bai waiwayo ba ya ce, "Mirajan, kana nan?" Maganarsa ta farko ke nan gare ni cikin mako guda. Na ce, "Ina nan, Lala." Ya ce, "Matso." Ya lalubi kafaɗata ya dafa. Ya ce, "A hankali. Ba na ganin duwatsun nan."

Haka muka ratsa tsakiyar gari, ta gaban kantin da maza ke zama. Na ji hannunsa ya ƙara nauyi da muka zo wurin, amma bai ɗauke shi ba. Ba wanda ya yi dariya. Waɗanda ke zaune suka miƙe har muka wuce.

Idan Wajma ta yi arba'in, ki zo nan kai tsaye, kada ki biya Darra. Zan jira ki. Na yi masa zancen likitan ido a Peshawar, ya ce a bari tukuna a yi arba'in ɗin Kushdil. Ke ce za ki iya da shi.

Ki gaida Wajma, ki ce na gode da karatun da ta yi miki, na san bai zo mata da sauƙi ba. Allah ya jiƙan Kushdil, ya raya abin da ya bari, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Mirajan.